Ƙwayar da Inna Ta Ƙara Min

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Masu cewa tela ya gudu da ɗinkin sallarsu, ga ni, ban gudu ba. Jinya na yi.

Shekara shida ina fama da ciwon da likitoci ke kira baifola. Wani lokaci in yi sati ba barci, baki ba ya rufuwa, in rabar da yadin mutane kyauta. Wani lokaci in kwanta wata guda, ko wanka ya gagare ni. Ƙwayar litiyam ce ta zaunar da ni, ɗaya da safe ɗaya da dare. Duk Daura, daga mahaifiyata Inna sai Yaya Sani suka sani. Wa zai kai wa mahaukaci shadda?

Tun farko likita ya ce min: "Maganin nan da ruwa yake tafiya. In jikinka ya bushe, zai taru a jini ya zama guba. Kafin ka ɗauki azumi ka zo mu auna jini, kuma kar ka sha maganin ciwon jiki sai ka tambaye ni."

Na ce to. Ban je ba.

Azumi ya zo a tsakiyar zafi. Shago rufin kwano, ɗinki har wuya, ina wuni cikin gumi. Ƙwaya biyun na haɗe su a sahur don kar in manta. Da baya ya riƙe, na leƙa kemis. Mai kemis ɗin tare muke sallah. Ya ce, "Kana shan wani magani?" Na ce a'a. Kunya ce kawai. Ya ba ni na ciwon jiki, na yi kwana goma ina sha.

Hannu ya fara rawa, zare ya ƙi shiga allura. Sai amai da gudawa. Sai harshe ya yi nauyi, ina tangaɗi kamar ɗan maye.

Inna ta gan ni ta ce, "Innalillahi, ciwon ya tashi." Ita a saninta, in ya tashi, magani ne ya yi kaɗan. Ta riƙa daka min litiyam biyu-biyu a kunu tana tofa addu'a. Kwana uku.

Ba na tuna tafiyar Katsina. Na farka a asibiti da robar fitsari, ana ƙara min ruwa leda bayan leda, ana ɗiban jini kowace safiya. Ƙoda ta kusa tsayawa. Sau uku aka yi min wankin ƙoda, Yaya ya sayar da babur ɗinsa. Na ji tsoro, wallahi na ji tsoro.

Ina ji likita ya tambayi Yaya, "Wa ya ƙara masa magani?" Inna na bakin ƙofa da carbi. Yaya ya dube ta, ya ce, "Shi ya ƙara da kansa, likita."

An sallame ni, amma an raba ni da litiyam. Sabon maganin barci yake sa ni, ga ƙiba, kuma kullum ina sauraron kaina ko zai riƙe ni. Hannun har yau bai daina rawa ba.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitoci da nas-nas, Yaya kuma sai dai Allah Ya biya shi.

In kana shan litiyam, ka ga likita kafin azumi, in ya ce kar ka yi, ka je malami ya yi maka bayanin rangwamen mara lafiya. Ka faɗa wa mai kemis gaskiya. Rawar jiki, amai da nauyin harshe, asibiti kai tsaye. Kuma ka zaunar da mai kula da kai a gaban likita. Ni ban taɓa kai Inna ba.

Har yau ba ta san abin da ta zuba min ne ya kusa kashe ni ba. Ba ta da waya. Don Allah duk wanda ya karanta, kar ya kai mata.