Ciwon Ƙaryar Mama Mastura

Kullum da safe, kafin ta buɗe kantin maganinta a Agege, sai Mama Mastura ta yi rashin lafiya. Ta ƙarya ce. Yau ta zama tsohuwa mai nauyin kunne, gobe ta kifa hula ta zama maigadi mai kunyar faɗin inda ke masa ciwo. Ɗaliban haɗa magani da ake turo mata koyon aiki su ne za su sallame ta. Ba rubutu, ba shiri, abin da ya zo bakinta shi za su amsa.

Abin ya samo asali ne daga Hamani, wani maigadi ɗan Nijar mai ciwon suga. Wani ɗalibi a kantinta ya zuba masa bayanin magani da Turanci, shi kuwa yana ta "to, to" don kada ya ba yaro kunya. Azumi ake yi. Ya haɗa ƙwayoyin yini guda ya haɗiye da sahur, aka tsince shi a bakin get ɗin da yake gadi. Bai tashi ba.

Tun daga nan ba ta yarda da "to" ba. Sai mutum ya maimaita mata yadda zai sha.

Ba kowa ya gode ba. Bushra, haihuwar Legas, ta taɓa turo baki ta ce, "Mama, abeg, magani muka zo koya ko drama?" Mama ta dafe ciki ta ci gaba da nishinta.

Ke ce kika koya wa masu digiri kallon ido, Mama. Soja sun koma bariki, an yi ta alkawari, ke kina nan cikin zafi da ɗaukewar wuta, har gwiwa ta ƙi, ido ya dushe. Kin gaji, kuma kin faɗa. Tsoronki ɗaya, kada wasan ya mutu da ke.

Bana ta miƙa wa Bushra kantin. Ran nan ta dawo sayen maganin hawan jini, na gaske wannan karon. Bushra ta yi bayani, Mama ta ce "to," ta juya.

Bushra ta riƙe ledar. "Mama, ban yarda ba. Zauna ki maimaita mini."

Ta zauna. Ashe ta manta rabinsa.

Mun gode, Mama Mastura, Allah ya huta gajiya. Ku kuma masu kanti, ku riƙa riƙe ledar.