Bonet ɗin da ya ƙi rufuwa

A gidanmu na Toranke, duk wanda ya yi sabon abin hawa, ko keke ne, sai ya kawo ƙofar gida Baba ya ɗora masa hannu ya yi addu'a kafin a ce ya zama nasa. Haka aka yi wa babur ɗin mijina, haka aka yi wa amalanken kawunmu. Da autanmu ya sayi mota, Baba ya aiko masa cewa ya kawo ta a sa albarka, sannan ta kai shi masallacin Juma'a a Ajingi. A lokacin ciwon ƙafa ya fara cin tsohon, babur yana wahalar da shi.

Ni ina aure a Gaya, nan auta yake da shagon waya, don haka a idona aka yi komai. Motar ja ce, irin ta 'yan tsere, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. In ya tashe ta kajin unguwa sai sun watse. Na ce masa, "Kai da za ka bi hanyar ƙauye, me ya kai ka sayen faranti?" Dariya kawai ya yi.

Da ya kai ta a ranar, da shi ke nan. Amma ya gani a waya cewa irin wannan injin yana buƙatar wani gwangwanin alminiyo mai tiyo biyu, wanda ke tare tururin baƙin mai kada ya koma cikin injin ya tara datti. Ya yi odarsa daga waje. Da ya iso, ashe an ƙera shi ne don mota mai sitiyari a dama. Gurbin da aka tanadar masa, a motar auta tukunyar man birki ce zaune a wurin.

Bakanike ya ɗaura shi kusa da batir. Sai bonet ya ƙi rufuwa, ya ɗage kamar yatsa biyu, aka ɗaure shi da roba. Na ce ya tafi da ita haka.

"Yaya, a nan fa Baba zai ɗora hannu," ya ce. "In kai masa mota baki buɗe, jama'a na kallo? Wallahi ba zan iya ba."

Mai walda ya yi masa sabon maƙali a gefe, sai tiyo ya riƙa gogar fanka. Aka karkatar da tiyon, ya jingina da bakin salansa ya narke. Kowace Alhamis Inna ta kira ni ta tambaya, in ce mata sai wani satin. Na gaji da faɗin wani satin nan, har ranar da na je shagonsa na zazzage shi a gaban kwastomomi. Ya sunkuyar da kai ya ce saura kaɗan.

Daga ƙarshe suka saukar da gwangwanin can ƙasa, bonet ya rufu. Ya kama hanyar Toranke yana murna, damina ta riga ta zauna. Bai yi nisa da barin kwalta ba wani tudu ya fizge gwangwanin har da tiyo, baƙin mai ya feshe injin. Janyo ta aka yi zuwa Gaya, shi kuma ya sake yin odar wani maƙalin.

Maƙalin bai iso ba Baba ya kwanta. Ciwon bai ɗauki lokaci ba. Da safiyar da aka kira mu aka ce ya rasu, auta ya ɗauki sifana da kansa ya kwance abin da ya saura na gwangwanin, ya mayar da tsohon tiyo yadda kamfani ya yi shi. Ko ruwan shayin da na ɗora bai tafasa ba ya gama. Ya danna bonet da hannu ɗaya ya rufu, motar ta kai mu Toranke lafiya lau.

Ba na ganin laifinsa kamar da. So yake Baba ya ga abu cikakke daga hannunsa, shi da kullum ake ce wa yaro. Amma abin yana cina har yau.

Bayan an share makoki Inna ta fito ta tsaya gaban motar, ta daɗe tana kallo. Ta ce duk Juma'a Baba yakan sa farar rigarsa tun hantsi ya zauna a dakali, in ya ji ƙarar mota ya miƙe. Sannan ta ɗora hannunta a kan bonet ɗin. Auta ya juya ya shige zaure.