Mai Faci da Hannun 'Yarsa

Yayana mai faci ne. Shekara ashirin da wani abu ke nan yana zama a rumfar kwano guda a bakin titin da ke fita gari, tsakanin mai wankin mota da wani shagon kayan masarufi. Kayan aikinsa ba su da yawa: injin iska mai tari kafin ya tashi, bahon ruwan da yake nutsa tub, robar nan ta cikin taya, yana neman inda ke kumfa, sai ƙarafan ɓanɓare taya da gwangwanin gam. Hannayensa kuwa kamar faranti, baƙin da ke layin tafinsu ko da wane sabulu ba ya fita. A aji huɗu ya bar makaranta. Ba ya jin kunyar faɗa, yakan ce shi da biro sun rabu lafiya, ba wanda ya riƙe wani a zuci.

Sai da shi da matarsa suka shekara goma sha ɗaya da aure kafin Allah ya ba su haihuwa, 'ya mace. Sunan yanka yana nan, amma ba mai kiranta da shi, kowa 'Yar Baba yake cewa, don tun tana rarrafe in ta ji ƙarar kekensa a ƙofar gida ba mai iya riƙe ta. Matar Yaya tana aikin guga a wani gidan wanki, tana fita da hantsi, sai gab da magariba take dawowa. Saboda haka da aka sa yarinyar a makarantar yara tana da shekara huɗu, shi ne mai ɗauko ta. Ƙarfe biyu yake rufe rumfa na ɗan lokaci, ya ɗora ta a gaban keke.

Wata biyu da fara zuwa, malamarsu ta tsayar da shi a ƙofar aji. Ta nuna masa littattafan sauran yara, kowa ya zana da'ira da layi, wasu har da rana mai haskoki. Ta buɗe na 'Yar Baba. Layukan duk sun karkace suna rawa, wani wurin fensir ya huda takarda. Ta ce fensir yana suɓuce mata, almakashin yara ma ba ta iya matse shi, kuma da an matsa mata sai kuka. Ta ce ita ba likita ba ce, amma da 'yarta ce da ta kai a duba hannun. Kafin nan, a riƙa ba ta abin da zai motsa yatsu a gida: yaga takarda, liƙe-liƙe, murza abu mai laushi, zura zare a rami.

Ranar ya biyo ta gidana, abin da bai saba ba a ranar aiki. Ya zauna a bakin kujera, na kawo ruwa bai sha ba. Ya tuna mini da zazzaɓin da yarinyar ta yi tana wata tara, wanda har ta sandare a hannunsa. Ya ce tun daga ƙofar ajin yake lissafin ko abin nan ne ya taɓa mata jijiya ba su sani ba. Na ce ya daina sa wa kansa abin da ba a gaya masa ba.

A asibiti aka ce likitan yara sai bayan mako uku. Ya leƙa wani kanti inda ake sayar da kayan wasan yara, ya ɗauki kwalin laka mai launi-launi, ya juya bayansa ya ga farashi, ya mayar da shi a hankali kamar ƙwai. Da ya fito, ya tsaya a shagon maƙwabcinsa ya roƙi kwalayen da aka gama da su, da murafun kwalabe, da tsinken shan lemo.

Daga nan tsakar ɗakinsu ta zama wani abu dabam. Ya dama garin fulawa da ruwa ya ɗora a wuta har ya yi kauri, ya zama gam. Ya kwaɓa wani da gishiri da ɗan mai, ya zama abin murzawa. Launi kuwa, shuɗin wanki matarsa ta ba shi, ya daka gawayi ya sami baƙi, ya goga fasasshen jan bulo a siminti ya sami ja. Ya yayyanka tsinken lemo gajeru-gajeru don a zura a igiyar takalmi. Abin da ya fi burge ni shi ne hatimi: ya ɗauko tsohon tub daga rumfa, ya wanke shi tas, ya yanka siffar kifi da ganye da tauraro, ya liƙa kowanne a guntun katako. In ka tsoma a launi ka danna a kwali, sai ga kifi ya fito. Matarsa ta dawo ta tarar an cinye mata rabin fulawa, ta ce to, yau kuma kifin kwali za a ci a gidan nan ke nan.

Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tsohon buhu, su zauna su biyu. Yakan kama hannun damanta ya sa mata igiya, ya ce ta zura. Sai bakin igiyar ya riƙa kaucewa, ta gwada sau uku, ta jefar. Ya sa mata hatimi, ta danna, kifin ya fito rabi. Shi da yake cire tayar babbar mota bai yi haki ba, sai ga shi yana gumi a kan tsinken lemo. Kwana goma ana haka. Murzawar fulawa kaɗai take so, don wannan da hannu biyu ake yi. Ya rame a fuska, har abokan aikinsa suna tambaya ko ba shi da lafiya.

Ran nan suna zaune, wani direba da tayarsa ta sace a kusa ya biyo shi har gida yana sallama. Yaya ya bar ta da kayan, ya fita ya ba shi aron famfon iska. Bai fi minti biyar ba ya dawo. Da ya ɗaga labule, sai ya tsaya cak. Yarinyar ta juya wa ƙofa baya, tana 'yar waƙarta, igiyar kuwa ta cika da tsinke har ta kusa ƙarewa. Yana kallo ta ɗauki wani ta zura, ta ɗauki wani ta zura, ba kuskure ko ɗaya. Da hannun hagu.

Ya yi gyaran murya. Ta yi firgigit, ta mayar da igiyar hannun dama, ta ɓoye hagun a bayanta.

Ya zauna a gabanta. Wannan karon bai sa mata komai a hannu ba. Ya ajiye fensir a tsakiyar kwali ya ce ta ɗauka da wanda ta ga dama. Ta dube shi, ta dubi fensirin.

"Ba za ka yi faɗa ba?"

"Wa ya ce zan yi faɗa?"

"Kowa yana cewa wannan hannun ba shi da kyau. Mama ta ce, Goggo ma ta ce."

Goggon nan ni ce. Kuma gaskiya ta faɗa. Tun tana ƙarama in ta miƙo hagu za ta karɓi abu, sai mu ce ba wannan ba, ɗayan. Ba wanda ya taɓa dukanta, ba wanda ma ya ɗauki abin a bakin komai. Ashe ita ta riƙe, har ta kai shi makaranta.

Ta ɗauki fensirin da hagu. Ta zana da'ira, ta rufe ta ruf, ta sa mata idanu biyu da kunnuwa manya, ta ce Baba ne. Yaya ya ce mini bai san lokacin da ya kwanta rigingine a kan buhun nan ba, bayansa a cikin shuɗin wanki, yana dariya hawaye na shiga masa kunne. Yarinyar ta tsorata, ta hau cikinsa tana tambayar me ya same shi.

Da keke ya zo gidana a guje, riga duk shuɗi, kwalin a hannu. Tun daga ƙofa yake cewa, "Bahaguwa ce! Lafiyarta ƙalau, bahaguwa ce kawai." Na karɓi kwalin na duba, kunya da daɗi suka haɗe mini, na rasa wanda zan fara ji.

Duk da haka bai fasa zuwa asibiti ba, ya ce tunda an ba shi rana sai ya ji daga bakin masu abin. Likitar ta ba yarinyar ƙwallo ta jefa, ta sa ta matse mata yatsu da kowane hannu, ta ba ta takarda ta yi zane. Ta ce hannu biyun duk lafiya, a bar ta ta yi rubutu da wanda ya zo mata. Da ta ga sarƙar tsinken lemo a wuyan 'Yar Baba, ta tambayi inda aka saya. Yaya ya ce ba a sayarwa, kamfanin nasu mutum biyu ne kacal.

Malamar ta ce ita ma laifinta ne, tana ganin yarinya ta ɗauki fensir da dama ba ta ƙara dubawa ba. Ta mayar da ita ƙarshen benci ta yadda gwiwar hannunta ba za ta riƙa karo da ta maƙwabciyarta ba. Sannan ta roƙi Yaya ya yanko mata hatimai na aji. Ya yi mata goma sha biyu, har da na lambobi, sai dai ukun farko sun fito a juye, don bai san hatimi a birkice ake yanka shi ba. Ya sake su yana yi wa kansa dariya.

Yanzu 'Yar Baba tana aji biyu, rubutunta ya fi na kowa tsafta a gidanmu. Zaman bayan la'asar bai mutu ba, ko da yake ba kullum ba ne. Abin da ya canza shi ne yanzu ita ke ba da aiki. Makon jiya na je na same su a kan buhu, ta sa shi ya zana kyanwa. Ya sunkuya, harshe a gefen baki, ya daɗe yana ja. Da ya gama ta ɗaga kwalin ta juya shi sama da ƙasa, ta ce buta ce mai kyau, amma gobe ya sake gwada kyanwar.