Farantin Yashin Malama

Jiya 'yata ta dawo daga makarantarsu a Dogarawa da shatar bulala a hannu, wai daƙiƙiya ce. Sai na tuna marigayiya malamarmu ta aji biyu a Samaru, lokacin da ni ma haruffa ke yi mini rawa a allo.

Wata rana ana fita tara ta tsayar da ni. Ta zuba yashi a faranti, ta kama yatsana da hannunta mai ƙamshin lalle, muna zana harafi ɗaya-ɗaya.

Ta ce, "Daina kuka, 'yar nan. Abin da ya gagari ido, yatsa zai karanta."

Yau na ɗebo wa 'yata yashi ina hawaye. Malama, Allah Ya sa ƙasar da ta rufe ki ta yi miki taushi kamar wancan yashin.