Saƙon Baba da Ya Je Turai Ya Dawo

Shekarun baya, lokacin da saƙon murya ya fara shiga ƙauyenmu da ke gefen Garo, mahaifina ya karɓe shi hannu bibbiyu. Dagaci ne, kuma mutum ne da ko goro ka miƙa masa sai ya juya shi ya duba bayansa, amma wannan abu ya burge shi: ya danna, ya yi magana, ƙanensa da ke Gwarzo ya ji. Abokina ne ya saita masa wayar, wani malamin kwamfuta ɗan Filato da ke koyarwa a Kabo, yana zaune a shagon ƙofar gidanmu. Kwano ɗaya muke cin tuwo da shi.

Ana nan sai rigimar iyakar gona ta taso tsakanin gidaje biyu. Baba ya saurari kowa, sannan ya aika wa ƙanensa saƙo yana faɗa masa inda hukuncin zai karkata, ya ja masa kunne kada kowa ya ji tukuna. Kafin ya tara mutane, wanda hukuncin zai hau kansa ya iso ƙofar gida yana huci, yana maimaita maganar Baba tiryan-tiryan.

Baba ya kira abokina ya tambaye shi ta ina saƙo yake bi kafin ya kai Gwarzo. Shi kuwa malami, an sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce saƙon ba ya miƙewa Gwarzo kai tsaye. Sai ya gangara Legas, wani lokacin ya bi igiyar ƙarƙashin teku zuwa ma'ajiyar da ke Turai, sannan ya juyo. Ƙananan kamfanonin sadarwa suna biyan manya su ɗaukar musu, kamar mai buhu biyu da ya hau motar wani. Wasu kuma sukan haɗu wuri guda su yi musaya, ka ɗauki nawa in ɗauki naka, ba a biyan ko sisi.

Baba ya ce, "Malam, wanda ya ɗauki kayan wani kyauta, me yake ci a ciki?"

Abokina ya ce sauri suke ci, kuma saƙon a kulle yake tafiya. Baba ya ce to wa ya san hanyar nan kaf a garin nan in ba shi malamin ba? Daga ranar wayar ta koma aljihun babbar riga, aka daina kai tuwo shago. Ni ma da nake cika baki da abota, in ya shigo sai in kife wayata. Da ya ga haka, ya kwashe kayansa ya koma kusa da makaranta. Abin ya tsaya min a rai, amma zargin bai bar ni ba.

Baba ya koma aike irin na da, wato ni. Wata ranar kasuwa na je Gwarzo na tarar da baffan nawa a teburin mai shayi, 'yan acaɓa sun kewaye shi. Saƙon 'yarsa ya shigo. Da yake kunnensa ya yi nauyi, sai ya ƙure sautin wayar ya ɗaga ta sama, kowa ya yi tsit. Da ya ƙare, wani ɗan acaɓa ya ce, "Baba, sake kunnawa, ban ji ƙarshen ba." Ya kuwa sake.

Na tambayi mai shayi ko haka aka yi da saƙon dagaci. Ya ce ai wannan har sau nawa, ya ma kwaikwayo min gyaran muryar Baba.

Na koma gida na faɗa wa Baba. Washegari ya sa rawaninsa, ya taka da ƙafarsa har makaranta, shi da ake zuwa wajensa. Ya miƙa wa abokina wayar ya ce, "Malam, ta gaji da zama. Gyara min ita." Abokina ya durƙusa ya karɓa, ya gyara, ya rako shi har bakin titi. Baffa kuwa aka saya masa abin sa wa a kunne.

Har yau in na tuna sai in yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Saƙo ya ƙetare teku, ya ratsa hannun baƙin da ba mu taɓa gani ba, bai zube ba sai a hannun ɗan'uwa. Mu kuma muka tsallake na gida muka kama wanda ya yi mana bayani. Muna gaisawa da abokina har gobe, duk salla yana zuwa gaida Baba. Amma bai dawo shagon ba. Dawa muke zubawa a ciki yanzu.