Gyaran da Ya Ɓoye Mini Wata

Tun ina amarya ni ce mai ganin jinjirin wata a gidanmu. Maigidana, Alhaji, direban babbar mota ne, idonsa ya saba da kwalta, sama kuwa sai a hankali. Duk ƙarshen wata, in yana gari, da an sallame magariba za mu hau saman bene. Ya yi ta zazzare ido, ni kuma in ɗaga yatsa in ce, "Ga shi can, bisa tankin ruwan maƙwabta." Ya ce, "Ina? Ke dai kin cika son a ce kin fi kowa." Sai ya gani, mu yi addu'a tare mu sauko.

Ya rasu. 'Yata tana aure can arewa, ɗana yana wata ƙasar da sai muryarsa nake ji a waya. Bayan haka idona ya fara hazo. Likita ya ce yanar ido ce, na hagu ya yi nisa, na dama yana biye. Na ci gaba da hawa benen ni kaɗai, ina kallon yamma kamar wadda aka aika ta manta saƙo. Yanzu a waya ake jin tsayuwar wata, kowa ya karanta ya wuce. Ni ba labari nake nema ba. So nake in gan shi da idona ko sau ɗaya, kafin na daman ma ya rufe.

Sai na nemi madubin hangen nesa. A cikin kayan gwanjo na same shi, irin waɗanda ake saukewa daga tashar jirgin ruwa. Farin bututu ne mai ƙafa uku, amma babu ɗan gilashin da ake kafa ido a kai. Mai shagon, wani Basakkwace da ya daɗe a unguwarmu ta Zongo, ya ce sunan abin okule. Na ce ni ido zan kira shi. Ya zazzage mini su daga gwangwanin madara, kowanne da lamba a jikinsa.

Sai da furfura ta fito mini na shiga makarantar manya, saboda haka ba na wuce lamba ban karanta ta da ƙarfi ba. Na karanta huɗu, na karanta ashirin da biyar.

"Wanne ya fi ƙarfi?"

"Mai ƙaramar lambar, Hajiya. Shi ya fi jawo abu kusa. Wancan mai faɗin shi ne na araha."

"Ka gan ni da kama da mai neman na araha? Ba ni mai ƙarfin."

Muka daidaita. Ya miƙo, na ƙi karɓa. Shekaruna nawa ina sayar da shinkafa da wake a bakin tasha, ban taɓa sallamar mutum ba gyara ba, kuma ba a taɓa sallamata haka ba.

"Ina gyarana?"

"Haba Hajiya, gilashi ne fa, ba gero ba."

"Ko allura ce, ciniki ciniki ne."

Ya yi dariya, ya lalubo wani ɗan baƙin gilashi kamar kwabo, ya ce na tace hasken wata ne, ya ɗaura shi a gindin idon da hannunsa. Ya so ya ƙara mini wani da ya ce na kallon rana ne. Na ce idon da ya rage mini guda ɗaya ne, shi ma ya fara hazo, ba zan kai shi gaban rana ba ko da wane gilashi.

Wata ya ƙare na hau bene. Duhu. Wani ya ƙare, duhu. Na ɗora laifin a kan hadari, na ɗora a kan hayaƙin zemi, baburan hayar nan da suka cika gari. Daga baya na daina ɗora wa kowa, na ce idona ne ya tafi. Matar ƙanin maigidana, da muke gida ɗaya, takan leƙo daga tsakar gida.

"Yaya, kin harbo shi?"

"Ki ji da tukunyarki."

"Wallahi mutane na cewa tun rasuwar Alhaji kin koma hira da bututu."

"Bututun ya fi su hankali, ba ya gulma."

Na faɗa da ƙarfi, amma da na shiga ɗaki ban iya cin tuwo ba. Ba wanda zan gaya wa cewa tsoro nake ji.

Ko sau ɗaya ban yi tunanin cire baƙin gilashin nan ba. A wurinmu gyara albarkar ciniki ce. Ba a zubar da ita, ba a raina ta, kuma wanda ya ba ka ba ya nufinka da sharri.

Wata rana da hantsi na hau shanya, na ga madubin a jingine. Na ce bari in gwada shi a kan watan ƙarfen da ke bisa hasumiyar masallacinmu, shi dai ba ya gudu. Na kafa ido. Ga rana a waje, amma a ciki kamar an kusa kiran isha. Na ɗago, gari fes. Na koma, duhu. Na zare idon madubin, na murɗe gyaran nan na cire, na mayar da idon. Haske ya buge ni har na ja baya.

Sai dai abin da na gani tsatsa ce kawai, cike da ido, tana rawa. Ƙarfin ya yi yawa. In watan ƙarfe da na san inda yake ya gagare ni, ina ga siririn da zan lalubo a sama?

Na saɓa bututun na koma shago. Na sa Basakkwacen ya fito da gwangwaninsa bakin titi, na gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan hasumiya, masu wucewa suna kallona. Da na sa mai ashirin da biyar sai ga watan ƙarfen gaba ɗayansa, a kife kamar yadda madubin ke juya komai, da tattabara a kai, ga sarari ta kowane gefe.

"Hajiya, ai shi ne na arahar da kika raina."

"Na ji. Musanya za mu yi. Kuma yau ba na son gyara."

Da wata ya zo ƙarewa ban hau bene ba, sababbin gine-gine sun cinye mana yamma. Na ɗauki zemi zuwa bakin teku a Fijirose, ina rungume da bututu kamar jariri. Na jira rana ta faɗi sarai, na yi sallah a kan yashi, sannan na fara jan madubin a hankali bisa inda ta nutse. Dama, hagu, in ɗan ɗaga. 

Sai ga shi. Siriri kamar yankan farce, fari, yana kwance cikin ja.

Na ɗago yatsa na juya dama, har na ce, "Ga shi can." Babu kowa a daman sai wata mai sayar da kwakwa tana haɗa kayanta. Ba ta jin Hausa. Na yafito ta, ta zo ta leƙa, ta ce wani abu da yarensu, ta yi murmushi, ta ɗora tirenta a ka ta tafi.

Na koma na kafa idon dama. Na yi addu'ar da muke yi, na yi tasa na yi tawa, ban ɗago ba har watan ya shige cikin hazon teku.

Da na dawo gida matar ƙanin maigidana tana wanke-wanke. Ta dubi bututun, ta dube ni, ta ci gaba da aikinta. Baƙin gilashin yana nan cikin kwanon goron Alhaji. Duk ranar da wata ya cika, haskensa ya yi wa idona yawa, nakan ɗauko shi in ɗaura.