Zoben Aduwa na Malam Iliya

Shekara talatin da ɗaya Malam Iliya ya yi yana koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar 'yan mata a Gwandu. Akwai ɗakin gwaji, amma buhunan shinkafar makaranta ke kwana ciki. Sai ya koma ga abin da ke hannu: ƙwallon aduwa biyar, na magarya ɗaya, ya huda, ya haɗa su zobe da tsinken tsintsiya, ya ɗaga ya ce ga surar sukari. Matarsa Saratu ta ce tsintsiyarta ba ta taɓa tsufa ba, ramewa take yi.

Da ya yi ritaya suka koma Kalgo, abin ya riƙa cin ransa. "Ko ɗiya guda ban taɓa ba ta kwalbar gwaji ta riƙe ba," in ji shi. "Wasan yara na koyar." Ya kai kwalin zobban gindin murhu, ya ce a hura wuta da su.

Bayan mako biyu wata tsohuwar ɗalibarsa, Halimatusa'adiya, ta yi sallama. Ta ce yanzu a ɗakin bincike take aiki a ƙasar waje.

"Aikin mi, ɗiyata?"

"Naka, Malam. Ƙwayar sanƙarau tana da riga ta wani irin sukari. Mu muke ɗinka irin rigar da sinadarai, zobe bayan zobe, ba tare da ƙwayar ba. In an yi allurar rigakafi da ita, jiki ya san rigar tun kafin mai ita ya iso."

Malam Iliya ya waiwaya ya dubi ɗiyarsu Rejoice. Sanƙarau ne ya tafi da jin kunnenta tana shekara huɗu.

"Har yau in na rufe ido, aduwa biyar nake gani da magarya guda," in ji Halimatusa'adiya. "Zobe ɗaya na zo roƙo, in rataya a wurin aikina."

Ya dubi murhu. Kwalin babu komai.

"Kai ka ce a hura, Malam," in ji Saratu. "Kuma sun ci wuta da kyau, ba laifi."

Ya yi dariya har da share ido, ya ce Rejoice ta tsinto masa aduwa, da hannu ya faɗa mata kamar kullum. Saratu ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar tsintsiya ta miƙa masa.

"Tsinke shida kawai," ta ce. "Ina kallo."